Takardar koke: yadda ake rubuta ta, a kai ta, a bi sawunta

Takardar koken da muka fara rubutawa shafi bakwai ce, kuma ni na rubuta ta. Ni ce sakatariyar ƙungiyar adashinmu ta mata a nan Aboabo, unguwa a Kumasi ta ƙasar Gana, saboda na gama midil sukul kafin a yi mini aure, rubutuna kuma yana karantuwa. Babu abin da ba mu zuba a ciki ba: kwatar da ke ambaliya duk damina, fitilun titi da suka mutu, kuɗin da ake karɓa a asibiti bayan mutum ya nuna katin inshora, samarinmu marasa aiki, har da awakin da ke shiga maƙabarta. Muka ci ado kamar masu zuwa suna, muka miƙa ta ga wani mutum a bakin ƙofar wani ofishi. Ya ce za ta isa. Ko sunansa ba mu tambaya ba. Shekara ta zagayo, shiru kake ji. Da na koma bin ba'asi, aka ce in kawo kwafin da aka buga wa hatimi. Kwafin ma ba ni da shi, balle hatimi.

Bayan wannan na sake rubuta uku: ɗaya kan kuɗin da wani asibiti ke karɓa a hannun masu katin inshora, ɗaya kan masu gadin wani kamfani da ƙanena ke cikinsu, ɗaya kan kwata. Ta kwatar har yau tana kwance, don haka kada wani ya ɗauka laya nake sayarwa. Amma tunda mata daga Sawaba da Asawase sun fara zuwa rumfata suna cewa "Hajiya, koya mana," gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, in samu in sallami masu sayen waakye, wato shinkafa da wake.

Ku zaɓi magana ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa goma sha biyu muka cusa a baki. Kowace matsala da ƙofarta a gwamnati. In kuka haɗa kwata da asibiti da fitila a takarda ɗaya, wanda ta faɗa hannunsa zai nemo wadda ba tasa ba, ya rubuta a gefe a tura wa sashen kaza, shi ke nan ta shiga yawon duniya. A wurin zaɓen nan ake faɗa. Ranar da muka zauna a tsakar gidan magajiya, sai da la'asar ta kusa kuɓuce mana, kowace tana ganin tata ta fi zafi. Abin da ya raba gardama tambaya ɗaya ce: wacce muke da shaidarta a hannu? Ta asibiti ta ci, domin mata suna adana rasit.

Sannan ku faɗi abin da kuke nema yadda ranar da aka yi shi za ku gane an yi. "A inganta lafiyar jama'ar zango" addu'a ce, kowa zai ce amin ya karkaɗe rigarsa ya tashi. Mu abu uku muka nema: a manna sanarwa a tagar biyan kuɗi da ke nuna abin da katin ya ɗauke, a riƙa ba da rasit kan kowace sidi da aka karɓa, a mayar wa waɗanda aka caja ba bisa ƙa'ida ba kuɗinsu.

Ga wanda bai san tsarinmu na Gana ba: kafin 2003 sai ka ajiye kuɗi a taɓa ka a asibiti, ko da numfashinka sama-sama yake. Zamanin Shugaba Kufuor aka kawo inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, aka sabunta dokarta a 2012. Daga 2008 awon ciki da haihuwa suna cikin abin da katin ya ɗauke. Hukumar inshorar ta sha faɗa cewa asibitin da ya karɓi katin ba shi da hurumin neman ƙarin kuɗi a kan abin da ke cikin tsarin. Su kuma asibitoci suna kukan ana jinkirta biyansu, farashin da aka yanka musu kuma bai kai na kasuwa ba. Akwai gaskiya a kukan nasu, na yarda. Sai dai rigimarsu da hukuma ce, me ya haɗa ta da tsohuwar da ta goyo jikanta yana zazzaɓi?

Tara shaida shi ne ainihin aikin, rubutun wasiƙa rana ɗaya ne. Akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu, kowa Iya yake ce mata. Na je na tambaye ta ko tana da rasit, sai ta jawo gwangwanin Milo daga ƙarƙashin gado. Ciki akwai tsohon katin zaɓe, da ɗan kunne wari guda, da rasit-rasit a nannaɗe an ɗaure da kyauro.

"Ga su nan, 'yata. Ni dai ban san abin da suka ce ba, amma kuɗina ne."

Na warware su a kan tabarma. Fiye da rabi sun koma farar takarda fes, domin irin rasit ɗin nan na inji, zafi yana cinye rubutunsa. Shida kaɗai suka karantu. Tun daga ranar na kafa doka: duk wadda aka ba rasit ta ɗauki hotonsa a waya kafin ta fita daga harabar asibiti, washegari a yi fotokofi. Wadda aka hana rasit kuwa, ta zo a rubuta a littafi tun abin yana da ɗumi: wace rana, ƙarfe nawa, wace taga, sidi nawa, an ce kuɗin mene ne. In ta MoMo aka biya, wato tura kuɗi ta waya, saƙon da ya shigo waya shaida ne, kada a goge shi.

Daga nan sai tankaɗe, aikin da kowa ke gudu domin yana taɓa zumunci. Ba kowane magani ke cikin jerin magungunan inshora ba, kuma katin da ya mutu bai ɗauke komai ba. Muka samu wata 'yar unguwa da ke aikin jinya a wani wuri dabam, muka bi ɗaya bayan ɗaya, muna danna *929# a waya muna duba ko kowane kati yana da rai. Cikin mutum 32 muka cire tara. Ɗaya aminiyata ce, ta yi mako biyu ba ta sayi abincina ba. Amma da mun bar su, da su za a fara: a ɗaga ɗaya a ce ga ƙarya, sauran 23 su bi ruwa. Kuma ban rubuta ciwon kowa a takardar ba. Takarda tana bin hannu da yawa, sirrin jikin mace ba na akawu ba ne. Ranar da kuɗin da sunan sashen sun isa.

Maganar ma'aikata ta fi wannan tsini, domin mai koke gobe da asuba zai koma ya gaida wanda ya kai ƙara. Ƙanena ya shekara huɗu yana gadi, awa goma sha biyu a tsaye, kowane wata takardar albashinsa tana nuna an cire kuɗin SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa. Sai da wani abokin aikinsa ya rasu, iyalinsa suka je neman haƙƙinsa, sannan asiri ya tonu: kamfanin ya daɗe yana cirewa ba ya zubawa.

Doka a nan a fili take. Dokar fansho ta 2008 ta ce a cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ɗora kashi 13 daga aljihunsa, a zuba cikin kwana 14 bayan ƙarshen wata. Daga cikin kuɗin nan ne ma ake kai kashi 2.5 ga inshorar lafiya. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ce aikin da zai kai wata shida sai da yarjejeniya a rubuce, kuma wanda aka ɗauka na wucin gadi in ya yi wata shida a jere a hannun mai aiki ɗaya, a ɗauke shi tamkar na dindindin. Lokacin aiki awa takwas ne a rana ko arba'in a mako, abin da ya haura ƙarin lokaci ne, da kuɗinsa. Hutun shekara bai gaza ranakun aiki 15 ba, hutun haihuwa mako 12 da cikakken albashi. Yawancin yaran nan ba su taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba.

Kada ku fara da taro, kada kuma ku buɗe zauren WhatsApp, ba a rasa ɗan kai rahoto. Kowa ya bari sai ranar hutunsa, ya ɗauki Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ya je ofishin SSNIT shi kaɗai, ya nemi takardar bayanin asusunsa. Sai a ajiye ta gefe da gefe da takardun albashi, watan da aka cire ba a zuba ba a ja masa jan layi. Wanda ba a ba shi takardar albashi, ya nemo katin aiki, hoton jadawalin gadi, saƙonnin shigowar albashi a waya. A zaurena suke haɗuwa bayan isha'i, uku-uku. Sunayensu kuma bisa jerin haruffa muka rubuta, don kada a nuna na sama a ce shi ne uban tafiya.

Na gaya musu gaskiya tun farko. Doka ta ce korar ma'aikaci don ya kai ƙarar mai aikinsa haramtacciyar kora ce, amma kafin a gama sauraro, tukunyar gida ba ta jira. Na ce kowa ya je ya yi shawara da iyalinsa. Biyu suka janye, ban ga laifinsu ba, ban kuma bari an yi musu gori ba.

Ƙofar da za a buga ta danganta da maganar. Kuɗin fanshon da ba a zuba ba, SSNIT kanta za a kai wa, tana da ikon gurfanar da mai aiki a kotu. Kora da riƙe albashi na ofishin Leba ne da Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, in kuma akwai ƙungiyar ƙwadago a wurin, da ita za a fara. Cajin masu kati na ofishin inshora na gunduma ne. Halin likita da kansa yana da majalisar likitoci, na ma'aikatan jinya da ungozoma su ma da tasu. Kwata da shara da fitila na asambili ne, wato ƙaramar hukuma, namu na Asokore Mampong, wanda aka yanke daga Kumasi a 2012, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ajiye wa kowane asambili kwamitin sauraron ƙorafin jama'a. In jami'in gwamnati ya zalunce ku ko ya yi biris da ku, akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, wadda aka kafa a 1993. Ba a biyan ko fesuwa, wanda bai iya rubutu ba yana iya faɗa da baki a rubuta masa. Amma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma tana iya ƙin karɓar abin da ka sani fiye da wata goma sha biyu kana zaune. Kada ku tsaya jiran sai zuciya ta huce.

Wasiƙar kanta da Turanci za a rubuta, haka ofisoshinmu suke, kuma shafi ɗaya ya isa. Su wane ne ku, me ya faru da ranakunsa da kuɗinsa, wace doka ta hana, me kuke nema, zuwa yaushe kuke jiran amsa, wa za a kira. Shaidun a lanƙaya su a baya da lamba. Ku bar zagi. A takardarmu ta farko na rubuta "azzalumai marasa tsoron Allah", na ji daɗi a raina, ban san na ba su dalilin ajiye ta ba. Kada ku ce wane ɓarawo ne, ku ce ran kaza an karɓi sidi kaza, ga rasit. An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, amma har gobe ana iya maka ku kotu a nemi diyya.

Sai sunaye. A saman kowane shafin sa hannu a maimaita buƙatun a taƙaice, don kada gobe a ce farar takarda aka ba mutane. A ja layi: suna, unguwa, lambar waya, sa hannu ko dangwale. Lambar Ghana Card ba a buƙatarta, kada ku karɓa. Kada miji ya sa wa matansa, kada a sa yara. Sunaye arba'in da za a kira kowanne ya amsa sun fi ɗari huɗu da hannu ɗaya ya rubuta, akawu kallo ɗaya yake yi ya gane. Akwai kuma tsohuwar doka tun 1912 da ke kare wanda bai iya karatu ba: duk wanda ya rubuta masa takarda sai ya karanta masa, ya fassara ya fahimtar da shi kafin ya dangwala, marubucin kuma ya sa sunansa da adireshinsa. Don haka a ƙasan kowane shafi nakan rubuta cewa na karanta na fassara da Hausa, sun gane, sannan suka dangwala. Inda akwai Dagomba ko Frafra da Hausarsu ba ta nuna ba, a nemo wanda zai faɗa musu da harshensu.

Za ku haɗu da masu tsoro, kada ku raina su. Wani dattijo mai shagon kayan masarufi a kan layinmu, an caji matarsa, ga rasit ma. Na je da tawada na durƙusa.

"Baba, ga takardar nan ta asibiti, saura naka."

Ya daɗe yana kallon yatsansa. "Hajiya, ke yarinya ce a 1969. Ni na ga maƙwabtanmu a bayan babbar mota da tabarmi da tukwane, mako biyu aka ba su su bar ƙasa. Tun daga nan na rantse sunana ba ya hawa takardar gwamnati sai dole."

Zamanin Firaminista Busia yake nufi, da dokar korar baƙi. A Kumasi aka haife shi, yana da Ghana Card a aljihu, amma abin yana nan a ransa. Ban matsa masa ba. Na rufe tawadata na ce Allah ya ƙara girma.

Kafin ku kai, ku sanar da manya. Mun je mun gaida sarkin unguwa da limamin masallacinmu, muka karanta musu. Ba izini muka je nema ba, amma babba in ya fara jin magana a rediyo, ko tana da kyau sai ya ƙi ta. Asambiliman, wanda 'yan Najeriya za su kira kansila, shi ma a ba shi kwafi. 'Yan siyasa kuwa ku yi taka-tsantsan. A Asawase ko atishawa ka yi sai an tambaya ta jam'iyyar NDC ce ko ta NPP. Wani ya zo ya ce zai biya mana mota da riguna, na ce mun gode. Ranar da takarda ta sa rigar jam'iyya, rabin masu sa hannu sun fita, wanda aka kai wa kuma ya samu amsa a sauƙaƙe. Fotokofi da kuɗin trotro, wato motar haya, daga adashi muke cirewa, a rubuta a littafi, a karanta wa kowa.

Ranar kaiwa mutum uku zuwa biyar sun isa. Ku tafi da kwafi biyu aƙalla, ku bar ainihin rasit a gida. Ku wuce maigadi da ladabi ku nemi inda ake rajistar wasiƙu, a buga hatimin karɓa a kan kwafinku, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. In an ce oga ba ya nan, ku ce ba oga kuka zo gani ba, hatimi kuke so. Ni na taɓa zama awa biyu a benci saboda mai makullin durowar hatimi ya fita cin abinci. Na zauna. Kafin in fito bakin titi na ɗauki hotonsa na tura wa mutum uku.

In kuna son tafiya da jama'a da kwalaye, wannan ya zama jerin gwano, kuma dokar 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar. Sanarwa ce, ba roƙon izini ba, amma kada ku tsallake ta. Mu a ƙasar nan mun san abin da kai takarda ya taɓa jawowa: ran 28 ga Fabrairu 1948 tsoffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu, cikin Accra, da takardar kokensu kan haƙƙoƙinsu na yaƙi, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararraba. Yau ba haka ba ne, alhamdu lillahi, amma in za ku fitar da tsofaffi kan titi, ku bi ƙa'ida.

Bayan an kai, yawancin mutane a nan suke kwanciya. Ku rubuta ranar komawa a kalanda. Mako biyu in shiru, a je da ƙafa, zuwa da kai ya fi aike. Wata ɗaya in shiru, a rubuta gajeriyar tunatarwa da hoton hatimin, a aika kwafi ga na sama da shi. Akwai kuma makamin da ba mu da shi a da: dokar 'yancin samun bayanai ta 2019. Kuna iya rubuta wa jami'in bayanai na ma'aikatar gwamnati ku tambayi matakin da aka ɗauka kan takardarku, ko nawa aka ware wa aikin kwata kuma wa aka ba, doka ta ba shi kwana 14 ya yanke hukunci. In ya ƙi, akwai shugaban ma'aikatar, akwai hukumar da ke kula da dokar. Rediyo da Facebook ku bar su a ƙarshe. In kuka fara da su kun harba harsashinku, kuma wanda aka kunyata a bainar jama'a taurin kai yake ƙarawa. In kuka zo da hatimi uku da ba a amsa ba, ɗan jarida da kansa zai gyara zama.

Duk abin da aka amsa, ko "je ku dawo" ne, a koma a gaya wa masu sa hannu. Ni a ranar zubin adashi nake karantawa, na maza kuma ƙanena yake kai musu. Ta asibiti wata huɗu ta ɗauka. An manna sanarwar, ana ba da rasit, mutum 14 cikin 23 sun karɓi kuɗinsu, sauran an ce shaidarsu ba ta cika ba. Iya ta samu na rasit huɗu, ta sayi goro ta aiko mini da biyu. Ta masu gadi, kamfanin ya sa hannu zai biya bashin kashi-kashi, ya biya kashi biyu ya tsaya, an kuma mayar da ƙanena gadin dare a can bayan gari. Duk bayan wata uku sai sun sake ciro takardar asusu mun duba.

Ranar Talata mai zuwa za mu koma da tunatarwa ta uku kan kwata, kafin ruwan Yuni ya sauko. Baba mai shago har yau bai dangwala ko ɗaya ba. Jiya dai da zan wuce ya kira ni, ya ƙirgo kuɗin motar mutum huɗu zuwa da dawowa, ya ce kada in rubuta sunansa a littafi.